Yadda zaka ci Turancin WAEC: insha'i, auna fahimta da taƙaitawa

Duk shekara idan sakamako ya fito sai ka ji zance iri ɗaya a unguwa, yaro ya ci Lissafi, ya ci Bayoloji da Kemistiri, har da A1 a Hausa da Islamiyya, amma Turanci D7, shikenan jami'a ta rufe masa ƙofa sai wata shekara, tunda ba a ɗaukar mutum sai da kiredit biyar har da Turanci. A 2024 kashi 72.12 cikin 100 na waɗanda suka zauna WAEC a Najeriya ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a 2025 kuma da farko aka ce kashi 38.32 ne hankalin iyaye ya tashi, daga baya hukumar ta ce an samu kuskure wajen makin tambayoyin zaɓi na Turanci, aka gyara ya koma kashi 62.96. Ko da gyaran dai kaga har yanzu mutum ɗaya cikin uku da ɗoriya bai tsallake ba.

Ni dai abin da na yarda da shi shi ne yawancin masu faɗuwa ba rashin manyan kalmomi ne ya kayar da su ba, rashin sanin yadda ake raba makin ne. Akwai wanda in yana magana da Turanci sai ka rantse a Ingila aka haife shi amma ya tashi da E8, akwai kuma yarinyar da ko "good morning" kunyar faɗa take amma ta kawo C4, saboda ta san abin da mai maki yake nema ta ba shi daidai ba ƙari ba ragi. To bari mu bi abin daki-daki.

Da farko ka san inda makin yake

Turancin WAEC fefa uku ce. Akwai ta zaɓi mai tambaya 80 cikin awa ɗaya, akwai ta furuci mai tambaya 60 cikin minti 45, sai kuma babbar, wato ta rubutu, awa biyu cur kuma maki 100. Ita wannan ta rubutun kashi uku ce: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. Su kansu masu jarabawar shawarar da suke rubutawa a takarda ita ce minti 50 ga insha'i, minti 30 ga auna fahimta, minti 40 ga taƙaitawa. NECO ma kusan haka tsarinta yake, sai dai ko wacce ka zauna ka karanta umarnin da ke saman takardar kafin ka ɗora biro.

Ka lura taƙaitawa ta fi auna fahimta maki, amma ita ce ta ƙarshe a takarda, shi ya sa yara da yawa ke cinye awa ɗaya da rabi a kan insha'i, su zo taƙaitawa saura minti goma hannu na rawa su kwafo layi shida daga nassin su miƙa. Maki 30 ya tafi kenan. Ka je da agogon hannu, kar ka dogara da na bango don wani ajin ma babu shi.

Insha'i

Za a ba ka tambaya biyar ka zaɓi ɗaya, kalma 450 aƙalla. Yawanci zaka tarar da wasiƙa ta hukuma ko ta zumunci, da maƙala ta jarida ko mujallar makaranta, da jawabi ko muhawara, sai labari wanda za a ce ya dace da wani karin magana. Makin 50 ɗin ga yadda ake yanka shi: 10 na abin da ka faɗa ne, wato ka amsa tambayar ko ka kauce, 10 na tsari, 20 na yadda ka sarrafa harshen, 10 kuma na tsabtar rubutu daga kurakurai. Wannan na ƙarshen shi ne abin tausayi, duk kuskure ɗaya rabin maki ake cirewa, ko na nahawu ko na rubuta kalma ba daidai ba ko aya da waƙafi, kaga kuskure 20 ya cinye goman nan tas, kuma wallahi akwai waɗanda tun a sakin layi na biyu sun gama da shi.

Matakin farko shi ne zaɓe, kuma kar ka yi gaggawa, ka karanta duka biyar ɗin. Da yawa suna rugawa kan labari don suna ganin ya fi sauƙi, ni ko tarko nake ganinsa ga wanda lokutan aikatau ba su zauna masa ba, saboda labari daga farko har ƙarshe a lokacin da ya wuce ake ba da shi, sai ka ga an fara da "I went" an koma "I go" an sake dawowa, kowanne rabin maki. In kana da wannan matsalar ka ɗauki wasiƙa ko maƙala, can tsarin a bayyane yake kuma galibi a lokacin yanzu zaka yi magana.

Mataki na biyu ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka ce ka yi. Mu ɗauka an ce ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa kan matsalar ruwan sha a garinku, ka kawo illa uku kuma ka ba da shawarar mafita. Abu huɗu ke nan a ciki: wa ake rubuta wa, a kan me, illa guda nawa, sannan mafita. Wanda ya zuba illa biyar masu kyau ya manta mafita rabin tambaya ya amsa. Wanda kuma ya haddace wani insha'i daga littafi ya zo ya juye shi ko ya dace ko bai dace ba, to makin abin da aka faɗa ya tafi, kuma masu makin nan malaman sakandare ne da suka ga irin wannan haddar sau ba adadi.

Na uku ka ɗauki minti biyar ka tsara a gefen takarda, kalma bibbiyu ta isa. Illa ta ɗaya yara na makara a makaranta saboda layin burtsatse, ta biyu amai da gudawa saboda shan ruwan rijiya da ba a rufe ba, ta uku kuɗin da ake kashewa wajen 'yan garuwa. Mafita a gyara famfunan da suka lalace, a haƙa sababbi masu aiki da sola, a kafa kwamitin unguwa mai kula da su. Shikenan ka samu sakin layi shida ko bakwai: gabatarwa, illa uku kowacce da nata, mafita, rufewa. Idan ka gama ka soke wannan tsarin da layi ɗaya don kar a ɗauka amsa ce.

Na huɗu siffar rubutun. Wasiƙar hukuma adireshi biyu ne, naka a sama ta dama da kwanan wata a ƙasansa, na wanda kake rubuta wa ta hagu, sai "Dear Sir," sai kanun wasiƙar, a ƙarshe "Yours faithfully," da babban Y da ƙaramin f da waƙafi, sannan sa hannu sannan cikakken suna. Ba a gaisuwa a cikinta, kar ka tambayi shugaban ƙaramar hukuma ya iyali ya gajiya, na san a wurinmu rashin ladabi ne ka faɗa wa babba magana ba gaisuwa amma a nan kai tsaye ake shiga. Wasiƙar zumunci kuwa adireshinka kaɗai, "Dear" da sunan mutumin, a nan ka gaisa son ranka amma a taƙaice, ka rufe da "Yours sincerely," da sunanka na farko kawai ba sa hannu. Maƙala tana son kanu a sama da sunan marubuci. Muhawara kuma sai ka fara da gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci da abokan karawa, ka faɗi ɓangaren da ka tsaya, kuma ka tsaya a nan ɗin har ƙarshe kar ka zama ɗan ba-ruwana.

Na biyar shi ne rubutun kansa, kuma a nan nake son ka fi natsuwa. Kowane sakin layi ka buɗe shi da jimla ɗaya mai ɗauke da batun, ka bi ta da bayani, ka kawo misali, ka wuce. Duba wannan:

"The first problem is that children go to school late. Every morning, they queue at the only borehole in the town. Some of them wait for two hours before they fetch water. By the time they get to school, the first lesson is over."

Ka ga akwai wata kalma a nan da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare bai sani ba? Babu. Amma jimla huɗu ne lafiyayyu ba inda jan biro zai taɓa. Yanzu kwatanta da wanda zai buɗe da wata doguwar kalma da ya tsinta a kamus daren jiya, ya ja jimla layi biyar ba aya, aikatau ya ɓace a tsakiya shi kansa bai san inda ya dosa ba. Mai maki ba ya jin tsoron manyan kalmomi, in ka sa ta inda ba wurinta ba kuskure zai lissafa maka. Idan hannunka ya faɗa sai ka riƙa haɗa gajeru biyu da "because" ko "although" ko "when" don rubutun ya samu daɗin karatu, tunda maki 20 na sarrafa harshe na son a ga ka iya cakuɗa gajere da dogo, amma dogon da ka iya riƙe linzaminsa.

Akwai kurakuran da mu masu Hausa muka fi afkawa saboda yadda harshenmu yake. Mu aikatau ba ya canza siffa don lokaci, ya zo, yana zuwa, zai zo, ɗan abin da ke gabansa ne ke nuna lokacin, shi ya sa hannu ke saurin rubuta "he come yesterday" a maimakon "came", ko a manta s ɗin "she goes". Mu komai namiji ne ko mace, sai ka ga an kira mota "she". Sai "a" da "the" da ake zubarwa, sai p da f da ke musanya har a rubuce, sai fassara kai tsaye irin "drink medicine" da "borrow me your pen" da "off the light". Ƙari a kan haka ga cutar waya, "u" da "bcos" da ƙaramin "i" a inda ake nufin ni, waɗannan duk kyautar maki ce kake yi. Ka samu littafi guda ka riƙa rubuta irin naka kuskuren duk lokacin da malami ya ja maka layi, zaka ga ba su fi iri biyar ko shida ba su ne suke ta maimaituwa.

Batun kalma 450 kuma kar ka zauna ƙirga ɗaya bayan ɗaya a ɗakin jarabawa. Tun a gida ka san kalma nawa hannunka ke ɗauka a layi, idan tara ce to layi 50 kake nema, idan goma ce layi 45. Wanda ya gaza adadin ana rage masa maki, wanda kuma ya zarce ya kai 700 lokacinsa ya ƙona ya kuma ƙara wa kansa wurin yin kuskure.

Auna fahimta

A nan dabarata ita ce ka fara leƙa tambayoyin kafin nassin, don idan kana karantawa idonka ya san abin da yake farauta. Sai ka karanta nassin sau biyu, na farko a guje don ka gane zancen, na biyu a hankali kana sa alama. Yawanci tambayoyin bin nassin suke a jere, amsar ta farko tana sama ta ƙarshe tana ƙasa.

Amsa gajeriya ake so. An tambaye ka dalili ɗaya ka ba da ɗaya, in ka jero biyu don wai ko ɗaya ta faɗa daidai, to idan ɗayar ba daidai ba ce ta ɓata maka mai kyaun. Kuma daga nassin ake so, ba daga abin da ka sani ba, ko da marubucin ya faɗi abin da kai ba ka yarda da shi ba.

Sai tambayar nan da ke zuwa kusan kullum, a ciro wani yanki a ce wane suna yake da shi a nahawu kuma wane aiki yake yi. Wannan makin banza ne ga wanda ya yi shiri. Ka fara duba ko akwai aikatau mai nuna lokaci a cikin yankin, idan akwai to ganga ce wato "clause", idan babu "phrase" ne. Sannan ka tambayi kanka me yake yi a jimlar. Misali "When the rain stopped, the farmers returned to the field." Idan aka ciro "When the rain stopped", akwai "stopped" a ciki don haka ganga ce, tana gaya mana yaushe manoman suka koma, sunanta "adverbial clause of time", aikinta "it modifies the verb returned". Dole ka ambaci kalmar, in ka tsaya a "it modifies the verb" kawai ba ka ƙarasa ba. Idan yankin yana siffanta wani suna ne, galibi ya fara da "who" ko "which" ko "that" a bayan sunan, to "adjectival clause" ne, "it qualifies the noun" kaza. Idan kuma zaka iya cire shi ka sa "it" a gurbinsa jimlar ta zauna, to aikin suna yake yi, ka duba ko shi ne mai aikatawa ko shi aka aikata wa.

Adon harshe kuma ka riga ka san shi daga ajin Hausa, tamka da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa duk su ne dai, sunan Turancinsu kawai zaka riƙe da yadda ake rubuta shi daidai.

Ta ƙarshe ita ce a ba ka kalmomi a ce ka kawo wasu da za su maye gurbinsu a nassin. Ba ma'anar kamus ake tambaya ba, kalmar da za ta shiga ramin ta zauna ake so. Idan nassin ya ce "The contractor abandoned the project", "gave up" za ta zauna, "give up" ba za ta zauna ba duk da ma'anar ɗaya ce, don lokacin ya saɓa. Jam'i ka kawo jam'i, mai "ing" ka kawo mai "ing". Kullum ka mayar da kalmarka cikin jimlar ka karanta a zuci ka ji ko ta shiga.

Taƙaitawa

Nan ne ake zubar da maki da buhu. Galibi jimla shida ake nema kowacce maki biyar, wani lokaci a raba su uku da uku, misali dalilai uku da mafita uku. Ƙa'idojin ba su da yawa amma ba sa yafiya. Cikakkiyar jimla ake so mai aikatau, wanda ya rubuta guntun zance rabin makin zai samu. Kwafe jimla sukutum daga nassin ba ya kawo komai. Misalai da ƙarin bayani da kwalliyar marubuci duk a zubar, in ka jawo su a cire maka. Kuma batu ɗaya a jimla ɗaya.

Yadda zaka yi shi ne ka karanta tambayar tukuna, sannan ka bi nassin sakin layi bayan sakin layi kana tambayar kanka, wannan mutumin me yake son ya ce a nan in aka cire surutu? Ka faɗa wa kanka amsar da Hausa ma in ka ga dama, a zuci, kalma biyar ko shida, sannan ka mayar da ita Turanci mai sauƙi. Ga misali, nassi ya ce: "Many young people, lured by the glittering lights of the cities, abandon their farms and troop to Lagos, Kano and Port Harcourt in search of jobs that do not exist." Tambaya kuma me ya jawo ƙarancin abinci. Me ya rage in an tankaɗe? Matasa na barin gona suna tafiya birni. To rubuta "Young people leave the farms for the cities." Kalma takwas, an gama. Legas da Kano da Fatakwal misali ne, fitilun birni kwalliya ce, ba ruwanka da su. Ba laifi ba ne ka yi amfani da kalmar da ke nassin kamar "farms" in ba ta da madadi, ginin jimlar ne ake so ya zama naka.

Wasu suna son sa 'yar shimfiɗa a sama kamar "The causes are:" sannan su jero. Ni ban cika ba da shawarar haka ba, don in shimfiɗar ba ta haɗu da abin da ke ƙasanta ta ba da jimla lafiyayya ba duka amsoshin ne za su raunata. Ka sa lamba ka rubuta kowacce jimla ta tsaya da ƙafarta.

Shirin gida

Duk wannan ba ya zama sai da yi. Ka nemi tambayoyin shekarun baya, ka sa agogo ka rubuta insha'i ɗaya duk mako cikin minti 50 ka kai wa malami ko wani yaya da ya iya ya ja maka jan biro ba sani ba sabo, sannan ka sake rubuta shi a gyare, wannan sake rubutun shi ne inda ake koyo amma shi aka fi gudu. Don taƙaitawa ka ɗauki labari ɗaya a Daily Trust ka matse kowane sakin layi ya koma jimla ɗaya, in labarin ya yi maka nauyi ka nemi irinsa a Aminiya ka fara gane zancen da Hausa sannan ka dawo. WAEC kuma tana sa rahoton manyan masu maki a shafinta na intanet, inda suke faɗin inda ɗalibai suka yi rauni a kowace shekara, kyauta ne, datar da ake ƙonawa a TikTok rabin awa ta isa ka karanta na shekara biyu. Masu jiran ekspo kuwa su sani insha'i ba ya satuwa da daɗi, aji guda ya rubuta wasiƙa iri ɗaya har da kuskure iri ɗaya ai ba sai an yi bincike ba, sakamakon ne za a riƙe.

Ranar jarabawa ba dole ne ka bi jerin takardar ba matuƙar ka sa lambar kowace tambaya daidai. Idan ka san kana da jan jiki a insha'i ka fara da taƙaitawa tun kanka na sanyi, sai auna fahimta, sannan insha'in, amma ka tabbata minti 50 ɗinsa na nan ba ka taɓa ba. Ka ciri minti biyar daga ciki don bita, kuma bitar ba karatun jin daɗi ba ce, abu uku kawai zaka bi da bakin biro layi-layi: kowace jimla ta fara da babban baƙi ta ƙare da aya, kowane aikatau lokacinsa daidai ne kuma ya dace da mai aikata shi, sannan kalmomin nan da ka san kana yawan kuskurewa. In ka ga kuskure ka soke shi da layi ɗaya ka rubuta daidai a samansa yadda za a iya karantawa.